Kwana Goma a Kife

Shekara goma sha tara Ba-Sabo ya yi yana busa usur a filin ƙwallon kwando, ko sau ɗaya ba a taɓa canza shi a tsakiyar wasa ba. 'Yan wasa ne suka laƙa masa sunan, wai shi ba sani ba sabo, tun ranar da ya kori ɗan ƙanwarsa daga fili saboda ashar, sannan ya wuce gidan ƙanwar ya ci abinci har da neman ƙari. Da safe malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, alƙalin wasa zai ce maka, sai daga baya ya tuna da makarantar.

Abin ya same shi ne wata Asabar, a daƙiƙar farko ta wasa. Ya tsaya a tsakiyar fili ya cilla ƙwallo sama tsakanin wasu dogaye biyu, kamar yadda ya saba, sai dai ya ja da baya taku ɗaya maimakon biyu. Da ɗayansu ya sauko, gwiwar hannunsa ta dira a kan idon hagun Ba-Sabo. Wuta ya gani. Aka kawo ƙanƙara a leda, ya danna ta minti biyu, ya ce wa masu teburin lissafin maki su ta da agogo. Ya gama wasan da ido a kumbure.

A gida matarsa ta ɗago daga kan keken ɗinki ta ƙare masa kallo.

"Alƙali, yau kai aka yanke wa hukunci?"

"Ɗan gugar hannu ne."

"Gugar hannu, ido kamar ƙwan agwagwa? Gobe ka je asibiti."

"Gobe Lahadi."

"To, jibi."

Kafin jibi kumburin ya saɓe, maganar asibiti ta shiririce. Amma a ranar ne ya fara ganin walƙiya a gefen idon, rana tsaka, sama babu ko gajimare. Talata sai ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo a gabansa. Yana cin abinci yana kora su da hannu, har matarsa ta ce masa ita dai ba ta ga ƙuda a ɗakinta ba. Ranar Laraba ya shiga banɗakin malamai, ya kulle ƙofa, ya rufe idon dama da tafin hannu. Can daga wajen kunnen hagu akwai wata inuwa, kamar an ja labule kaɗan. Ya miƙa hannun hagu gefe ya kaɗa yatsu. Bai gan su ba. Ya dinga matso da hannun gaba a hankali, a hankali, kafin yatsun suka ɓullo daga cikin duhu.

Bai faɗa wa kowa ba, kuma ya san dalili. A makon da ya wuce ne Dattijo, shugaban alƙalai, ya liƙa sunayen waɗanda za su busa wasan ƙarshe na babban rukuni, saura sati shida. Sunan Ba-Sabo ne a sama, karo na farko a rayuwarsa. Shekarunsa arba'in da bakwai, a hamsin kuma ake sallamar alƙali daga babban rukuni, ko da kuwa yana iya tsere da barewa. Sai ya ce wa kansa gajiya ce. Jini ne ya kwanta, zai washe. Kowace safiya ya farka sai ya rufe idon dama ya duba, kowace safiya kuma labulen ya ƙara matsowa da faɗin yatsa.

Ranar Juma'a da la'asar yana da wasa tare da Gajere. Gajere shi ne ya fi kowa tsawo a cikin alƙalai, tsohon ɗan wasa ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin canza kaya. Shekara goma sha ɗaya suna busa tare, har ta kai in ɗaya ya ɗaga gira ɗayan ya san me ake nufi.

Zango na farko da na biyu suka wuce lafiya, sai dai Ba-Sabo ya jiƙe da gumin da ba na gudu ba. Yana ta juya kai kamar kaza a bakin titi. A zango na uku wasa ya yi zafi, masu jar riga da masu shuɗiya kunnen doki. Yana tsaye a ƙarƙashin kwando, idonsa a kan mai ƙwallo ta hannun dama, sai ya ji ƙarar takalmi a hagunsa, ya ji wani abu ya daki bango, tim! Ya juya. Mai lamba tara na shuɗiya na kwance a jikin bango yana riƙe da tsintsiyar hannu yana ihu. Taku uku ne tsakaninsu. Mai lamba sha huɗu na ja yana tsaye a kansa, ya ɗaga hannuwa sama irin na marar laifi.

Usur na bakin Ba-Sabo, amma bai san abin da zai busa ba. Ture shi aka yi? Tuntuɓe ya yi? Daƙiƙa ɗaya, biyu. Sai ga ƙarar usur ɗin Gajere daga can ɗaya ɓangaren filin, ya taho da gudu yana nuna alamar ture, ya kori mai lamba sha huɗu.

Zauren ya kaure. Kocin shuɗiya ya tsallako layi yana kumfar baki.

"Sau uku yana ture shi tun farkon zangon nan, a gabanka! Sau uku! Jira kake a kashe shi?"

Daga saman benci wani ya kwarara murya: "Makaho!" Sauran suka amshe. Sau dubu an kira shi haka a filin nan, bai taɓa ji a jikinsa ba. Ranar kam ya ji.

Aka fita da mai lamba tara, hannu a naɗe da tawul. Yadda aka yi aka gama wasan, Ba-Sabo ba zai iya faɗa ba.

A ɗakin canza kaya ya zauna a kan benci yana kwance igiyar takalmi, yana jin Gajere na motsi a wani wuri. Can Gajere ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, daf da kunnensa na hagu.

"Tun ɗazu nake miƙa maka ruwa."

Ba-Sabo ya juya. Ga gorar ruwa nan kusa da kumatunsa, da hannun Gajere riƙe da ita.

"Hankalina ne ba ya nan."

"Hankalinka na nan. Kalli ƙofar can, kar ka juya. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ba-Sabo ya kalli ƙofar. Akwai ƙusa a jikinta da aka rataye wata tsohuwar riga. Ban da ƙofar da rigar, ba abin da yake gani ta hagu.

"Biyu," in ji shi.

"Ban ɗaga ko ɗaya ba." Gajere ya ajiye gorar. "Tun yaushe?"

"Laraba."

"Laraba! Kai kuwa wane irin mutum ne? Gobe da sassafe zan zo da mota. In ka ce ba za ka je ba, ɗaukar ka zan yi, ka san kuma zan iya."

Likitar ido wata dattijuwa ce marar yawan magana. Aka ɗiga masa magani, aka zaunar da shi a layi har komai ya zama dishi-dishi, sannan ta sa shi ya ɗora haɓa a kan ƙarfe ta haska masa fitila mai zafin haske. Kalli sama. Kalli ƙasa. Kalli hancinka. Ta daɗe tana dubawa, shi kuwa yana sauraron numfashinta ko zai gane wani abu. Matarsa na zaune a kujerar gefe, ta rungume jaka.

"Yaushe aka buge ka?"

"Asabar da ta wuce."

"Yau Asabar. Kana ina duk kwanakin nan?"

Matarsa ce ta ce, "Yana nan yana korar ƙuda."

Likita ta ɗauki takarda ta zana da'ira. Ta ce a can bayan ido akwai wani tantani mai laushi, shi ke ɗaukar hoton duk abin da mutum ke gani. Dukan ya yaga shi, ruwa ya shiga ta yagewar yana ɓamɓare shi daga bango, kamar yadda damshi ke ɗaga fenti. Inda ya ɓamɓare, nan ne duhu. Ta ɗiga alƙalami a tsakiyar da'irar.

"Nan ne wurin da kake karatu da shi, kake gane fuska. Saura ƙiris ya iso. Da ka ƙara kwana biyu, da wata maganar muke yi. Yau za a yi aiki."

"Likita, zan koma fili?"

"Wane fili?"

"Alƙalin wasa ne ni. Ina da wasa nan da sati biyar."

Ta dube shi kamar mai duban wanda gidansa ke cin wuta yana tambayar ina hularsa.

"Malam, ni idon nake nema maka tukuna. Sati biyar kam cire shi a ranka. Abin da ya wuce wannan, ban sani ba, kuma ba na faɗin abin da ban sani ba."

Bayan aikin ta yi musu bayani. Ta liƙe yagewar, ta cika idon da kumfar iska don ta danne tantanin har ya kama. Iska kuwa sama take tashi, don haka dole bayan idon ya zama shi ne a sama. Ma'ana, zai kwanta a kife, fuska na kallon ƙasa, kwana goma, dare da rana. Minti goma kawai a kowace awa zai ɗaga kai, ya ci abinci, ya zaga, a ɗiga magani.

"In na juya cikin barci fa?"

"Kar ka juya."

Matarsa ba ta tsaya jimami ba. Suna isa gida ta yanka soso, ta ɗinka matashi mai rami a tsakiya, ta jawo teburin yankanta ta haɗa da bakin gado, ta bar 'yar tazara tsakani inda fuskarsa za ta leƙa. Ta jera filo a kowane gefe ta tokare shi kamar kayan da za a ɗora a mota. Duniyar Ba-Sabo ta koma tayil huɗu na ƙasan ɗaki: uku lafiyayyu, ɗaya da tsaga, ga wani zare ja da ya maƙale a tsagar.

Wuyansa ya fara ciwo tun ranar farko, baya ya biyo a ta biyu. Amma ba ciwon ne ya fi damun sa ba. Idon hagu ba ya ganin komai sai haske mai rawa, kamar wanda ya buɗe ido a cikin ruwa. Likita ta ce haka zai kasance har iskar ta ragu. To ta yaya mutum zai san ko tantanin ya kama? In ya yi tari sai gabansa ya faɗi. In ya yi atishawa sai ya ƙame yana jira ya ji ko wani abu ya tsinke. Sau biyu ya farka da asuba ya tarar kansa ya karkace, ya ta da matarsa a gigice yana tambayar ta tun yaushe yake a haka, kamar ita ce mai gadinsa.

'Yan dubiya ta ƙafa yake gane su. Takalmin shugaban makaranta mai sheƙi, silifas ɗin ƙanwarsa, da faso na maƙwabcinsu mai gyaran rediyo. Shi maƙwabcin zama ya yi ya gyara murya.

"Ai haka aka yi wa wani kawuna, irin aikin nan sak. Ya kwanta sati biyu."

"Ya warke?" in ji Ba-Sabo daga cikin ramin matashi.

"To, ɗayan idon dai yana gani da shi har ya rasu."

Keken ɗinki ya tsaya cak. Matar ta ce wa maƙwabci ta ji kamar ana sallama a shagonsa.

A rana ta biyar Gajere ya zo. Ba-Sabo ya ga manyan takalman nan kamar kwale-kwale biyu sun tsaya, sun yi jim. Sai takalman suka ɓace, aka yi ta nishi da ƙarar gwiwa, sai ga fuskar Gajere ta shigo ƙarƙashin teburin. Ya kwanta rigingine a ƙasa, ƙafafunsa sun kai har bakin ƙofa.

"Ba zan iya magana da ƙeyar mutum ba," in ji shi. "Kai, ashe haka kake da muni ta ƙasa."

Ba-Sabo ya so ya yi dariya, ya tuna da idon, ya danne.

"Ya mai lamba tara?"

"Karaya ce. An sa masa filasta, wata biyu ba wasa. Ƙungiyarsu ta kai ƙara. Dattijo ya ce in rubuta rahoto, jibi yake so."

"Me ya sani?"

"Ya san ba ka da lafiya. Bai san ta mece ce ba."

Ba-Sabo ya sassauta murya.

"Ka rubuta cewa wani ɗan wasa ne ya kare ni. Yana faruwa ai. In ya so daga baya na ce masa an yi mini ɗan aiki, ba sai an haɗa biyun ba."

"Ba wanda ya kare ka."

"Na sani. Amma in aka rubuta cewa na shiga fili da ido ɗaya ina sane, na gama. Ko idon ya warke, na gama. Shekara goma sha ɗaya, Gajere. Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Gajere ya kau da kai ya kalli ƙafar tebur.

"Kwana biyu ina zaune da takardar nan, layi ɗaya na kasa rubutawa. In na rubuta gaskiya, na yanka ka. In na rubuta ƙarya, gobe ka koma fili da duhun nan, wani ya faɗo ta hagunka ya karye wuya, da hannuna a ciki. Ka faɗa mini, kai da ka koya mini aikin, wanne zan ɗauka?"

Gajere ya tashi da kyar, ya buga kai a teburin, ya yi salati, ya tafi.

Da minti gomansa na ɗaga kai suka zo, matarsa ta kawo shayi ta ɗiga masa magani. Ta ji komai, ɗakin ba shi da girma.

"In Dattijo ya kira," in ji shi, "ki ce zazzaɓi ne."

"Ni? A'a. Ka nemi wani telan, ban iya wannan ɗinkin ba." Ta goge masa abin da ya gangaro a kumatu. "Alƙali, tsoron me kake ji? A raba ka da usur? Ni tsoron da nake ji tun ranar Asabar, kar ka wayi gari ba ka ganin hanyar banɗaki. Kai kuma kana nan kana lissafin wasa."

"Ba ki gane ba. In ba na fili, ni wane ne? Malamin tsalle-tsalle."

"Malamin tsalle-tsallen na aura. Minti gomanka sun cika, kife."

Ya kife. Yinin nan da safiyar da ta biyo bai yi maganar kirki da kowa ba. Abin da ke dawo masa ba ihun 'yan kallo ba ne, ƙarar nan ce ta jiki da bango, da kuma maganar koci: sau uku. Sau uku ana ture mutum taku uku daga inda yake tsaye. Da ya busa na farko, da ba a kai ga na uku ba.

Da hantsi ya ce ta ajiye masa waya a ƙasa, a kan tayil mai tsaga, ta kira Dattijo ta buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Kafin rahoton Gajere ya iso, gara ka ji daga bakina."

Ya faɗi komai, tun daga gwiwar hannu har gorar ruwa. Yawu na neman sarƙe shi saboda kifewar. Dattijo bai katse shi ba.

"Da wani ne ya yi wannan, kai za ka fara cewa a kore shi," in ji Dattijo.

"Haka ne."

"Sunanka ya fita daga wasan ƙarshe, wannan ba sai na faɗa ba. Dakatarwa kuma za ta biyo, kwamiti zai zauna. Sauran magana sai na ga takardar likita. Yanzu dai ka kwanta yadda aka ce maka. Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"To, Allah ya ba da lafiya."

Kwana goma suka cika, ya miƙe yana tafiya kamar sabon maraƙi. Iskar ta dinga raguwa. Wani baƙin layi ya bayyana a idon, yana rawa in ya motsa kai, kamar ruwa a kofi, kullum yana ƙara yin ƙasa. A saman layin duniya ta fara dawowa: fanka, labulen taga, goshin matarsa. Likita ta duba ta ce tantanin ya kama. Wasan ƙarshe ya zo ya wuce, Gajere ne ya busa shi da wani. Ba-Sabo bai je ba, bai kuma kunna rediyo ba. Ya yini yana warware wa matarsa ɗinkin wata riga da ta yi kuskure.

Bayan wata biyu aka yi masa gwajin gefen gani. Aka rufe idon dama, ya sa kai a cikin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka ba shi madanni a hannu. Ya kalli ɗigon tsakiya, duk lokacin da ya ga ɗan haske ya ƙyalla a ko'ina, ya danna. Da farko yana ta dannawa. Sai aka zo wani wuri na'urar na ƙara, shi ba ya ganin komai. Ƙara, ba haske. Ƙara, ba haske. Babban yatsansa ya yi nauyi a kan madannin, zuciyarsa na ce masa danna kawai, wa zai sani? Gumi ya tsatso masa a hammata. Bai danna ba.

Takardar ta fito da da'ira fara, gefenta na hagu a baƙe kamar cizon ɓera a biredi.

"Tsakiya ta dawo, alhamdu lillahi," in ji Likita. "Za ka yi karatu, za ka gane mutane. Wannan gefen, wani abu zai iya dawowa nan da wata uku, amma ba duka ba. Wurin ya daɗe a ɓamɓare."

"Saboda kwanakin da na yi?"

"Saboda su."

"Fili fa?"

"Zan rubuta abin da na gani, su masu filin su yanke. In sun bar ka, da tabarau na kariya za ka shiga. Duka na biyu ba zai bar mini abin da zan liƙe ba."

Dakatarwar wata huɗu kwamiti ya ba shi. A ciki ya je gidan mai lamba tara, ya same shi yana matsa ƙwallon roba da hannun da ya sirance. Ya ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Mahaifin ya ce ƙaddara ce. Ɗan wasan ya dai miƙa masa hannun lafiyayyen.

Da wa'adin ya cika, Dattijo ya shirya gwaji wata Asabar da safe, zaure babu 'yan kallo. Ƙungiyoyi biyu na atisaye, Gajere a ɗaya ɓangaren, Dattijo da mutum biyu na kwamiti a tebur da takardu. Ba-Sabo ya ɗaura tabaran roba mai igiya a ƙeya, ya sa usur a baki, ya ji ɗanɗanon ƙarfen har cikin ransa. Ya cilla ƙwallon sama. Wannan karon taku uku ya ja.

Ya gano abu ɗaya tun a zangon farko. In yana gudu fili na damansa, komai garau. In aka juya fili ya koma hagunsa, sai ya yi gudun a karkace, kafaɗa gaba, kamar ƙaguwa, kuma hakan na cin masa rabin taku. Da matasan atisaye rabin taku ba komai ba ne. Ya busa ture biyu, ya busa taka layi, ya kama wani yana riƙe rigar abokin karawarsa. Amma a zango na huɗu aka yi wata kora da gudu, ƙwallo ta fita ta hagunsa, bai ga hannun wa ta taɓa ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da agogo, ya kalli Gajere a fili, kowa na gani, ya tambaye shi. Gajere ya nuna. Ba-Sabo ya ga Dattijo ya sunkuya ya yi rubutu.

Bayan an tashi suka bar shi a tsaye kusan rabin awa suna shawara. Ya goge tabaran da gefen riga, ya sake gogewa. Gajere na zaune a ƙasa yana cire takalmi yana mayarwa.

Dattijo ya yafito shi.

"Babban rukuni ya fi ƙarfin idon nan, kai ma ka gani. Gudunsu ba ya jiran mutum ya juya. Ba za mu mayar da kai can ba, ba bana ba, ba baɗi ba."

Ba-Sabo ya gyaɗa kai. Ya daɗe da sanin haka, amma da ya ji a kunne sai da ƙasa ta ɗan motsa.

"Ƙaramin rukuni da gasar makarantu, mun yarda, bisa sharaɗi biyu. Duk wata shida ka kawo takardar likita. Kuma duk wanda za ka busa da shi, kai da bakinka za ka faɗa masa inda ba ka gani kafin a fara."

"Na yarda."

"Kar ka yi saurin yarda. A can ba ƙanƙara, ba ɗakin canza kaya, iyaye kuma sun fi 'yan kallon nan iya zagi." Dattijo ya buɗe wani littafi ya bi layi da yatsa. "Laraba, ƙarfe huɗu, 'yan matan sakandare. Filin siminti ne, a bayan tashar mota. Abokin busarka sabo ne, wasansa na uku ke nan, an ce mini da ya ga koci ya taso sai usur ya faɗi daga bakinsa."

Ba-Sabo ya laluba aljihu bai sami alƙalami ba. Ya ari na ɗan kwamiti, ya rubuta ranar da lokacin a bayan hannunsa, rubutun na karkacewa saboda gumi.

"A ba ni lambarsa," in ji shi. "Gara mu haɗu tun ƙarfe uku."